Abin da Na Tarar a Bayan Tanki

Yau kwana huɗu ke nan rana ba ta leƙo Minna ba. Marka ta kafa, shanyata na kan igiya tun Litinin, har ta fara warin nan na kayan da suka ƙi bushewa. Ɗazu na tarar gawayina ya ja sanyi, ina fifita yana tuƙa mini hayaƙi a ido, sai kawai na tsinci kaina a azumin shekarar dubu biyu da goma sha ɗaya, wanda ya faɗo cikin watan Agusta. Duk damina haka nake fama. Wasu ƙamshin turare ke tuna musu da baya, ni kuwa warin jiƙaƙƙen gawayi ne, kuma ba abin daɗi yake tuna mini ba.

Lokacin shekarata ashirin da takwas, ina da aure da 'ya ɗaya, muna haya a Barkin Sale. Kwamfuta na karanta, Allah kuma ya ba ni aikin da duk ajinmu ba macen da ta samu irinsa. Wani asibiti mai zaman kansa a Maitumbi ya ba ni haɗa masa waifai da kula da shi. Yau jikar maƙwabciyata da ko karatu ba ta fara ba ta san waifai. A wancan zamani sai ka yi wa babban mutum bayani sau uku, ya gyaɗa kai, sannan ya tambaye ka ina wayar take.

Ga yadda na tsara abin. Intanet yana sauka ta wani faranti a bayan ofis. Daga nan waya ta hau da shi kan tankin ruwa, inda na sa babban akwatin da ke watsa shi ta iska, shi na raɗa wa suna Tanki. Ƙananan akwatuna shida a ɗakuna suna karɓa daga wurinsa suna raba wa kwamfutoci. Kowane akwati da sunansa, da tasharsa, da iyakar ƙarfin da na ba shi, domin kamar gidajen rediyo suke: in biyu suka hau tasha ɗaya kusa da juna, ba wanda za a ji sai hayaniya. Duk wannan, har da lambar sirri, na rubuta a wani littafi mai shuɗin bango da ba ya barin jakata. Kuma ba don ado aka yi aikin ba. Da shi ake tura hoton ƙashi da na ƙirji ga wani ƙwararren likita a Kaduna, ya duba ya aiko da amsa kafin yamma.

Abu ɗaya ne ba na yi, ba na hawa sama. Ko kan kujera na taka sai na ji jiri. Shi ya sa na jawo Sabo. Sabo ɗan Gwaggo Lami ne, ƙanwar babana, wadda ta riƙe ni tun ina shekara shida da mahaifiyata ta rasu. A tsakar gida ɗaya muka tashi, kwano ɗaya, ga shi abokin wasana. Da yana ɗaura wa mutane eriyar talabijin, yau da aiki gobe babu. Ni na je gaban mai asibitin, wanda kowa ke kira Dakta, na ce ɗan'uwana ne, na yarda da shi kamar hannuna. Muka raba aiki, ni ƙasa, shi sama. In ya haye sai in ɗaga kai in ce, "Biri, me ka gani?" Shi kuma ya leƙo ya ce, "Sai sararin Allah, Injiniya." Wata biyar muna haka, ko tari waifai ɗin bai taɓa yi ba.

Ranar huɗu ga azumi abin ya fara. Da safe lafiya ƙalau. Ana idar da azahar sai komai ya daskare, hoto ɗaya ya yi awa biyu bai tafi ba. Ana kiran magariba ya warware, kamar shi ma ya sha ruwa. Washegari haka, jibi haka.

Azumin damina ba ya ba da ƙishirwa, amma yunwarsa ba ta da imani. Sanyi ya shiga ciki ya ƙwaƙule ɗan abin da aka ci da asuba tun kafin hantsi. Wuta kuwa da hadari ya haɗo ake ɗauke ta, wani lokaci kwana uku ba ta dawo ba. Tumatur ya yi wuya, wanda aka samu ma rabinsa ruɓaɓɓe. Gari na wayewa in yi wa 'yata Ummi wanka, in kai ta wurin Gwaggo, in jiƙa waken ƙosai in bar wa maƙwabciya ta kai mini niƙa. Ƙarfe bakwai Sabo zai tsaya da mashin a ƙofar gida, ya rataya jakata a wuyansa don kada ta jiƙe, in hau baya da leda a kaina. Hanyar Maitumbi ta lokacin, Allah ya kyauta. Sau nawa muna sauka mu tura, taɓo har ƙauri, ina kama zani yana mini dariya.

Daga azahar zuwa la'asar sakaliya yawo nake da kwamfuta a buɗe a hannu, ɗaki-ɗaki, kamar mai neman allurar da ta faɗi. Akwai manhajar da ke nuna mini duk abin da ke magana a cikin iska, ta zana shi kamar tuddai. Ko'ina tuddan ƙanana ne, sai tashar da Tanki yake, nan ne tudun ke tashi ya cika allo. Wa ke ihu a kan tasharmu? Na duba sunayen da ke fitowa, duk nawa ne, ba baƙo ko ɗaya.

Ba abin da ban zarga ba. Na zargi injin ɗumama abincin nas-nas, na sa aka kulle shi a sito, suka yi kwana biyu ba sa amsa gaisuwata. Na zargi janareta. Na zargi bishiyar mangwaron da ke tsakar asibitin, don jiƙaƙƙen ganye yana shanye sigina, na sa mai gadi ya sassare ta har ta koma abin tausayi. Na rage wa wannan ƙarfi, na ƙara wa wancan, na sake ƙulla kawunan wayoyi har yatsuna suka yi kanta. Na so in sauya wa Tanki tasha, amma sauran tashoshi masu tsabta na riga na raba wa ɗakuna, kuma na ce ba zan gudu daga abin da ban gani ba. Kullum sai na sa Sabo ya hau, ko ana yayyafi. Kullum sai na tambaya.

"Biri, don girman Allah, ka duba da kyau. Ba abin da ya canja?"

"Haba Injiniya, komai yana nan yadda kika bar shi. Ko dai aljanun Maitumbi ne suka koyi kwamfuta?"

Sai in yi dariya, wallahi har da gode masa. Ina ganin mutum yana azumi yana hawa jiƙaƙƙen ƙarfe saboda ni.

Da yamma mu dawo a jigace. In hura gawayin da ba ya son kamawa, in soya ƙosai, in dama kunun gyaɗa. Ana dab da shan ruwa Sabo zai sake dawowa da Ummi a gaban mashin da babbar kular Gwaggo a baya, wata ja mai karyayyen hannu. Yau faten doya, gobe dambu, wata rana dafaffiyar sabuwar masara. A gidanmu ba a mayar da kwano haka nan, don haka in juye nata in zuba mata kununa, ya koma da shi. A tabarmarmu yake buɗe baki da maigidana. Da kunnena na sha jin yana cewa, "Malam, ka riƙa lallashinta, ta cika sa abu a rai."

Ranar sha biyar Dakta ya kira ni ofis. Mutum ne mai sanyin magana, amma ba ya maimaitawa. Ya ce wani dattijo ya kwana biyu da karaya ana jiran amsar hoto, a ƙarshe sai da aka ba direban mota hoton ya kai Kaduna da hannu.

"Rakiya, da na ɗauke ki mutane sun yi mini surutu, na toshe kunne. Kada ki sa su yi gaskiya. Daga nan zuwa Sallah, in abin nan bai gyaru ba, zan nemi wani."

Na fito ina haɗiye kuka. Aikin nan shi ne sunana a garin. In aka kore ni a kan na kasa, ba mai sake ba ni ko waya in riƙe.

Wadda ta tare ni a baranda ita ce Sista Rifkatu, shugabar nas-nas, 'yar kudancin Kaduna, mace mai jiki da faɗa da kirki. Ba ta azumi, amma tun da watan ya kama ban taɓa ganin ta kai ko ruwa baki a gabanmu ba. Ta ce, "Share hawaye, yarinya. Ciwo mai zuwa a kan lokaci, akwai mai kawo shi." Daga ranar ta riƙa rubuta mini lokacin da abin ke farawa da lokacin da yake saki. Har ta lura ranar Juma'a sai an sauko daga masallaci yake kamawa. Injin ɗumama abinci dai ba ya zuwa Juma'a. Na san da hannun mutum, na yi ta zagaya gidajen maƙwabta da kwamfuta ina leƙen rufin mutane, har wata tsohuwa ta tambaye ni ko ni ma'aikaciyar allurar rigakafi ce.

Ranar ashirin da takwas ta kama Lahadi. Sabo ya tafi Kagara tun Asabar wai zai sayo sabuwar doya ta Sallah, Dakta ma ba ya gari. Na hau acaɓa ni kaɗai na tafi. Saura kwana biyu, ba abin da ya rage ban gwada ba sai ɗaya: ban taɓa kashe Tanki ba, domin shi ne uwa, in ya mutu duk asibitin ya yanke. Na ce yau kam a yi wadda za a yi. Na shiga ta kwamfuta na kashe shi, na zuba wa allo ido.

Sunan bai ɓace ba. Ga shi nan, Tanki, da ƙarfinsa, a kan tasharsa, alhali ni da hannuna na kashe shi.

Ashe su biyu ne. Wani akwati ne yake amsa sunan nawa, shi ya sa duk kwanakin nan ina ganinsa ina wucewa. Na bi ƙarfin siginar da kwamfuta, ta ja ni ta ja ni har gindin tankin ruwa. Na tsaya ina kallon tsanin, ana yayyafi.

Sista Rifkatu ta dawo daga coci ke nan ta kama aiki. Na gaya mata. Ta dubi sama, ta dube ni. "Ki jira ɗan'uwanki mana."

Na ce, "Sista, kwana ashirin da huɗu ina tambayarsa."

Ta shiga ta ɗauko mini koren wandon da suke sawa a ɗakin tiyata. Na saka, na ɗaure hijabina a ƙugu, na cire takalmi. Ta riƙe gindin tsanin tana cewa, "Kada ki kalli ƙasa, ni ki ji muryata kawai." Ƙarfen sanyi ƙalau, ga santsi, ga tsatsa tana cin tafin ƙafa. Cikina kuma ba komai. Ba addu'ar da ban karanto ba, har ta shiga kasuwa. Ban san yadda aka yi na kai ba, na dai ji ni a kan katako ina rungume da tanki.

Akwatina yana nan a gaba inda ake hango shi daga ƙasa. Na rarrafa na zagaya baya. Ga wani ƙaramin farin akwati, tsakaninsa da nawa bai fi kamu biyu ba, an ja masa waya daga tamu. An naɗe mahaɗar da robar tayar keke, an kifa mata gindin jarka don ruwa. Wannan naɗin na san shi tun muna yara, da shi ake ɗaure eriyar gidan Gwaggo. Na bi inda akwatin ya fuskanta da ido. Can bakin titi, wani sabon shagon intanet ne da aka buɗe gab da azumi, wanda ɗalibai ke cika shi da rana tun da sakamakon jarrabawa ya fito. Kullum ta gabansa muke wucewa, mai shagon yana ɗaga wa Sabo hannu.

Ana zaton wuta a maƙera, ta tashi a masaƙa. Na zauna a kan katakon nan cikin yayyafi na yi kuka mai isata. Ba satar ce ta fi ƙona ni ba. Dariyar ce, da "aljanun Maitumbi", da ƙosaina da yake ci kullum yana kallon idona ya faɗa.

Na kwance akwatin na sauko da shi a cikin hijabi. Na jona shi da kwamfuta, na sa lambar sirrina, ya buɗe. Komai nawa ne, suna, tasha, ƙarfi, layi bayan layi yadda yake a shuɗin littafin da ke cikin jakar da yake rataya mini kowace safiya. Sabo bai san yadda ake saita akwati ba, kwafa kawai ya yi. Da ya san ya matsa tasha ɗaya can gefe, da wataƙila har yau ban kama shi ba. Na kunna Tanki, hoton gwaji ya tafi kafin in ƙifta ido.

Sista ta ce, "Kawo in kulle a durowata. Gobe mu ajiye wa Dakta a tebur, ni ce shaida."

Na ƙi. Na taɓa ganin abin da Dakta ya yi wa wani mai kula da sito da ya ɗauki magani, sai da 'yan sanda suka tafi da shi da ankwa. Gwaggo tana da hawan jini, kuma Sabo ne kaɗai ɗanta namiji. Na ce maganar gida ce, a gida za ta mutu. Ta girgiza kai ta ce, "Ke kika sani."

Da yamma ya iso daga Kagara da doya uku manya, da Ummi, da jar kula. Ya sha ruwa, ya ci, ya yi santi. Da zai tafi na wanke kular, na sa akwatin a ciki, na rufe, na raka shi ƙofar gida.

"Yau ba kunu ba ne, Yaya Sabo. Kada ka buɗe a gaban Gwaggo."

Ban taɓa ce masa Yaya ba sai ranar. Ya ɗaga murfin, ya duba, ya mayar. Ya ɗaure kular a bayan mashin ya tafi. Na koma ciki ina cewa kunya ce ta kama shi, gobe zai zo ya ba ni haƙuri, in yi masa tas, in yafe. Kai, Rakiya, Allah ya shirye ki.

Da safe bai zo ɗaukata ba. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai wajen goma na isa. Ina shiga aka ce Dakta yana nemana. Abin da na fara gani a kan teburinsa shi ne farin akwatin. Sabo yana tsaye a gefe, rigarsa a jiƙe.

"Zauna, Rakiya. Ɗan'uwanki ya hau tun da sassafe cikin ruwan nan, ya gano mana ciwon. Ya ce akwatin gwaji ne da kika sa ya ɗaura tun farkon aiki, kika manta da shi. Ya ce shi bai san lambarsa ba. Buɗe mu gani."

Na buɗe, don in na ce ban sani ba na yi ƙarya da azumi a bakina. Dakta ya leƙa, ya ga sunan da na raɗa, ya ga lambata ta yi aiki. Ya numfasa.

"Mantuwa ba zunubi ba ce. Amma wata guda marasa lafiyata suna wahala a kan abin da hawa ɗaya zai warware. Aikin nan yana son mai iya ganin sama da idonsa. Bayan Sallah Sabo zai riƙe, in ya so wani ya riƙa zuwa daga Abuja yana duba masa saitin."

Na juya na kalli Sabo. Kalandar bango yake karantawa, kamar ranar ya fara ganin lambobi. An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. To ni ta huda, kuma ni na miƙa wuƙar a cikin kula.

Da Sista Rifkatu ta zo da rana ta ji, ta ajiye jakarta ta nufi ofis. Na riƙe mata hannu a baranda, ina roƙonta. Ta ce, "Sake ni! Da idona na ga kin hau!" Na ce in ta faɗa za a je shagon nan, daga shagon sai ofishin 'yan sanda, daga nan sai gawar Gwaggo. Ta fizge hannunta, ta kira ni sakarya, sannan ta rungume ni muka yi kuka tare. Ta riƙe mini maganar har ta yi ritaya ta koma garinsu.

Shekara biyu na yi ina koyar da buga takarda a wani ɗan shago kafin wani ya sake yarda da ni. Yau ina da ma'aikata, wata manhaja a wayata tana nuna mini baƙon akwati cikin minti ɗaya, abin da ya cinye mini azumi guda. Duk da haka ni nake hawa, da ƙibata da ciwon gwiwa. Sabo bai shekara a asibitin ba. Muna gaisawa a biki da ta'aziyya, kuma har yau bai taɓa tayar da zancen ba. Na so in ce na yafe, amma ba zan yi wa kaina ƙarya ba.

Sai dai abin da marka ke dawo mini da shi ba ofishin Dakta ba ne. Ranar Sallah ce. Mun je gaida Gwaggo, an yi ruwa da safe, tana zaune a kan dadduma a baranda, jar kular nan cike da tuwon shinkafa a gefenta. Sabo yana can bakin ƙofa cikin sabuwar shadda. Ta jawo ni kusa, ta riƙe hannuna biyu, ta ga inda tsatsar tsani ta yanke ni, ta ɗauka wuƙar girki ce, har ta yi mini faɗa. Sannan ta rage murya don kada baƙi su ji.

"Na ji abin da ya faru, 'yar nan. Kada ki sa a ranki, kowa yana kuskure. Ki gode wa Allah da ya sa ɗan'uwanki yana wurin, ya rufa miki asiri, aikin bai fita daga gida ba." Ta ɗaga hannu sama. "Allah ya yi wa Sabo albarka. Yadda ya tsaya miki, Allah ya ba shi mai tsaya masa haka."

Ta tsaya tana kallona, tana jira. Na ɗaga kai na nemi idonsa, wannan karon ban bar shi ya kauce ba.

Na ce, "Amin, Gwaggo. Amin."